Anti Awabu da Injin Niƙan Mahama

Ƙarfe shida da rabi na safe, masu sayar da koko a bakin titin Maamobi sun san za ta wuce: doguwar mace da takalmin roba, jaka a kafaɗa, makullai na kaɗawa a hannu. Anti Awabu ke nan. Tana isa makarantarta, wani gida mai ɗaki uku da ke bayan masallaci, sai ta buɗe tagogi, ta yi bisimilla kafin ta kunna fanka, don fankar ranar da ta ga dama take aiki. Daga nan ta jera ƙananan kujeru, kowace a inda take jiya. In ta kuskure da taƙi ɗaya, akwai ɗalibin da zai gyara mata, kuma ba cikin ladabi ba.

Shekara goma sha tara tana wannan. Yaran da take koyarwa masu lalurar otizim ne: wani ba ya magana, wani ba ya son a haɗa ido da shi, wani ƙara kaɗan takan shige masa kai kamar allura. Aikinta da na ma'aikatanta shi ne koya musu abin da mu muke gani ba komai ba, kamar neman ruwa da jiran layi. A maimaita sau ɗari, yaro ya yi daidai sau ɗaya, nan take a yaba masa. Albashin kuwa, Seidu, wanda ya fi kowa daɗewa a hannunta, ya ce in ka sa shi a aljihu kada ka kuskura ka yi atishawa. Shi ya sa ma'aikata ke shiga suna fita kamar fasinjojin torotoro, motar haya.

Ana cikin haka, shekara uku da suka wuce, wani bawan Allah mai suna Mahama ya kafa injin niƙa a jikin katangarsu. Ƙarfe tara daidai, lokacin darasi, injin ke tashi. Akwai yaro Basit, ɗan shekara shida, da ba ya magana. Da injin ya ɗauki kuka sai ya toshe kunne, in abin ya fi ƙarfinsa ya kai cizo ga hannun da ya fi kusa. Hannun nan kullum na Hamdia ne, sabuwar ma'aikaciya, watanta uku da fara aiki.

Wata Laraba Hamdia ta shigo ofis, wato lungun da ake ajiye tabarmi, ta ajiye takardar barin aiki, ta miƙa hannu.

"Anti, duba. Mamana tana tambaya wai makaranta nake aiki ko gidan karnuka."

Anti Awabu ta sa tabarau ta duba shatin haƙoran a tsanake. "Na sama biyu sun fara girgiɗa. Ki yi haƙuri, ba da daɗewa ba za su faɗi."

Hamdia ta so ta yi dariya, sai kuka ya riga dariyar fitowa. Anti ta bar ta ta yi mai isarta, sannan ta naɗe hannun rigarta ta nuna mata nata tabon. "Wanda ya yi mini wannan yanzu tela ne a unguwar Nima. Mai wannan kuwa tana taya uwarta sayar da waakye, shinkafa da wake. 'Yata, laifin ba naki ba ne, ba kuma na Basit ba. Ki ba ni sati biyu."

Ba ta je wa Mahama da faɗa ba. Gaisuwa ta kai masa, ta roƙe shi ya zo ya sa wa yara albarka. Ya zo da babbar riga, ta zaunar da shi a kan kujerar yara, gwiwoyinsa na gaisawa da haɓarsa. Ƙarfe tara ma'aikacinsa ya tayar da injin. Bango ya ɗauki rawa, yara uku suka shige ƙarƙashin tebur, Basit kuwa ya duba hagu ya duba dama, ya ga babban yatsan baƙo.

"Wayyo! Hajiya, kullum haka ne?"

"Kullum, Baba Mahama. Yau ma don yana jin nauyinka ne."

Washegari injin bai tashi ba sai sha ɗaya. Sha ɗaya na bugawa sai ga koko da ƙosai daga Anti, da saƙon "madalla". Kwana na biyu ma haka. Ranar da ya manta ya tayar ƙarfe tara, babu koko, babu faɗa. Sai da aka yi wata guda matarsa ta ce masa, "Kai ba ka gane ba? Ai matar nan ta sa ka a ajinta." Ya ce ko ma mene ne, ƙosan yana da daɗi.

Da gida ya yi shiru, Anti da Hamdia suka duƙufa wajen koya wa Basit kati mai hoton tabarma: in ya gaji, ya miƙa katin a kai shi ya huta. Sati bakwai yana jifa da shi. Wata safiya mai babur ya danna ƙaho a ƙofa, Basit ya toshe kunne ɗaya, ya kalli hannun Hamdia, ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗauki katin ya ɗora mata a tafi. Seidu ya ce Hamdia ta buɗe baki za ta yi guɗa, Anti ta toshe mata da mayafi, don kada a ɓata aikin sati bakwai.

A ranar Anti ta yanka wa kowane ma'aikaci irin katin. Wanda ya ji ransa ya kai maƙoshi ya ɗaga, ita za ta karɓi ɗalibinsa minti goma, ba tambaya. Seidu ya ɗaga nasa sau huɗu kafin azahar, ya ce gwaji yake yi. Tun daga lokacin ba wanda ya sake barin aiki sai Basma, ita ma aure ya kai ta Kumasi. Takardar Hamdia kuwa, da ita aka tokare ƙafar tebur.

Anti Awabu, ke ce kika gane cewa mai rarrashi ma yana son a rarrashe shi. Ke ce inuwar da ma'aikaci ke fakewa kafin ya koma rana. Iyaye nawa ne suka zo miki da yaro a ɓoye, an ce musu aljanu ne, suka koma gida suna riƙe da hannunsa a bainar jama'a?

Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, don gwiwoyi sun ce ba za su ƙara durƙuso ba. Hamdia za ta karɓi makullan. Mun gode, Anti. Allah ya saka miki da alheri, ya ba ki lafiya. Mu kuma 'yan Zango, daga Nima har Maamobi, mu yi koyi da ita. In kun ga yaro na ihu a torotoro, uwarsa na zufa, ku bar taɓe baki. Ku matsa mata wuri, ku ce wa direba ya rage rediyo.