Hoton da na ɗauko a bakin tekun Ikko

Ku yarda ko kada ku yarda, ni dai da idona na ga ruwan da ba shi da ƙetare. Na san halinku, kun fara murmushi. Haka mutanen Kusada suka yi mani, don kawai na taɓa cewa na ga kabewar da jakai biyu suka kasa ɗauka a Yashe. Tun daga ranar, in na buɗe baki a gindin durumin da muke hira, sai taubashina ya ce, "A rage rabi." Ko sallama na yi, a rage rabi. Shi ya sa da surukina, uban matata, ya ce in raka shi kai shanu Ikko, lokacin Turawa na mulki, na rantse gaban kowa zan dawo da hotona tsaye a bakin teku, in ga ɗan da zai rage rabin takarda.

Muka kora shanu daga Kankiya har Kano, aka loda mu a jirgin ƙasa. Ikko kau, Allah ya isa! Garin da iskarshi ma jiƙaƙƙiya ce. Na shanya rigata kwana uku, na tarar ta fara tsiro. Wuƙata ta yi tsatsa cikin kube. Miya ja wur da manja, barkonon loma ɗaya ya ishi mutanen garin Kaikai shekara. Mutum ya bangaje ka, ba sannu, kai ne ma za ka sha zagi. Duk na haɗiye saboda hoton nan.

Surukina dattijo ne mai tsantseni, ba ya son hoto, don haka ranar da aka gama da shanu na sulale ni kaɗai. Na zuba babbar riga, na kafa malfa mai faɗi, na samu wani Bayarabe mai hoto a bakin ruwa, da akwatinshi mai ƙafa uku. Ya tsayar da ni, teku na ruri a bayana. Ya ce da 'yar Hausarshi, "Aboki, ba motsi." Ya cusa kai cikin baƙin ƙyalle.

Sai na ji gyaran murya. Surukina! Ashe shi ma tsohon ya lallaɓo kallon ruwa.

To ku gaya mani, wane ɗan halas ne zai tsaya ƙiƙam, hannu a ƙugu, surukinshi na tahowa? Ban ma yi shawara ba. Ƙafafuna suka tuɓe takalma da kansu, na zube na tsuguna, na sadda kai. "Barka da fitowa, Baba." Daidai nan la'anannen akwatin ya ce ƙyas.

Tsoho ya tasa ni gaba har masauki. Washegari, ranar tafiya, na ruga karɓar hoto. Na duba, na sake dubawa.

"Wanga wane ne?"

"Kai ne."

"Ina fuskata?"

"Tana nan ƙarƙashin hula. Ni na ce ba motsi."

Na ce ya sake ko in jefa akwatin a teku. Ya nuna mani sama, ruwa na sheƙewa, ya ce sai rana ta fito. Jirgi kuwa ba ya jiran rana.

Abin da na kawo gida ke nan: malfa a kan tulin riga, takalma a gefe, teku duk girmanshi ya koma wani siririn layi toka-toka. Da ban rantse ba da na yaga shi tun a Kano.

A gindin durumi hoton ya riƙa yawo hannu zuwa hannu, ni kuma ina kumfar baki, ina ce masu igiyar ruwan ta fi rumbu uku tsawo, jiragen ciki kowanne ya fi kasuwar Kankiya. Ba wanda ya yarda. Surukina da zai shaide ni, ina ni ina kiran shi shaidar hoto?

Taubashina ya riƙe hoton ya daɗe, ya juya shi, ya miƙo mani da yatsa biyu.

"Yau ba sai an rage rabi ba, ka rage kanka da kanka. Amma in dai tsuguno za ka yi a bakin kududdufi, me ya kai ka Ikko? Ga na bayan garin Kunduru nan, har da duhuwar sirri."