Dogo da tambayarsa a kamfanin katifa

Tun yana saurayi Dogo ya kama aiki a kamfanin katifa, ofishin tsara fitar kaya. Shi ke sanin motar da za ta tashi, da inda za ta, da direban da za a ba ta. Ba shi da yawan magana, sai dai in abu ya shige masa duhu ba ya barinsa sai ya tambaya. Matarsa takan tsokane shi, ta ce ko ranar ɗaurin aurensu da ƙyar aka hana shi ɗaga hannu.

Gashinsa ya fara furfura lokacin da aka kawo sabon manaja, matashi mai fara'a da zaƙin baki. Manajan ya tara ma'aikata a babban ɗakin cin abinci, ya ce za a ninka katifar da ake yi, a buɗe sababbin rassa. Ya ƙara da cewa ƙofarsa a buɗe take, kowa ya tambayi abin da ke ransa.

Wani akawu ya miƙe ya ce, “Yallaɓai, mene ne sirrin nasararka?” Manaja ya yi murmushi, ya daɗe yana ba da labarin kansa, aka yi tafi.

Sai Dogo ya miƙe. Tun da aka sanar da taron yake juya maganarsa, har ya gwada ta a gaban matarsa.

“Ranka ya daɗe, shirin ya yi kyau. Amma hannayen da muke da su ba su ƙaru ba. Wane aiki za mu ajiye don mu ɗauki wannan? Sannan in ɗayanmu ya ga abin ba ya tafiya, wa zai gaya wa, kuma me zai same shi in ya faɗa?”

Manaja ya nuna shi da yatsa, ya ce, “Kun ji irin mutanen da nake nema! Za mu zauna da kai, baba.” Aka sake yin tafi. Dogo ya koma gida ransa fari, har ya tsaya ya saya wa yara lemo.

Washegari ogansa na sashe ya kira shi, ya tura ƙofa. “Wa ya aike ka? Ka sa ana yi mini kallon wanda ya kasa riƙe mutanensa.”

“Oga, ai cewa aka yi a tambaya.”

“Kai kuma sai ka ɗauka da gaske ake?”

Zaman da manaja ya yi alkawari bai taɓa yiwuwa ba. Kullum sakatariya sai ta ce yana taro. Kafin shekara ta ƙare aka mayar da Dogo tsohon sito da ke bayan kamfani, inda ake jibge katifun da masu saye suka dawo da su. Wai ana bukatar mutum mai zurfin tunani a can. Fanka ɗaya ce, ita ma sai an zungure ta da sanda. Direbobi in sun wuce sukan leƙo su ce, “Dogo, katifun sun ba ka amsa kuwa?” Yakan yi dariya tare da su, ya koma ya zauna.

Akawun nan kuwa aka ba shi sabon reshe. Wasu rassan suka tsaya da ƙafafunsu, wasu suka mutu, manaja ya samu babban kamfani ya yi gaba. A siton nan Dogo ya yi ritaya, da tari mai taurin kai da ƙurar soso ta bar masa.

Bara 'yar autarsa ta samu aiki a wani ofishi. Ta same shi a tsakar gida yana gyaran rediyo, ta ce shugabanninsu za su zauna da sababbin ma'aikata, an ce kowa ya zo da tambaya.

“Baba, me zan tambaya?”

Bai ɗago kai ba. Ya ce, “Ki tambaye su sirrin nasararsu.”

Ta fashe da dariya, ta zaci wasa yake. Uwarta da ke tsintar shinkafa a bakin ƙofa ba ta taya ta ba, ta dai ce ta je ta ɗebo wa babanta ruwa.