Neman Tawadar da Za Ta Riƙe Fuskar Lawali

Ɗan Isa zuwa Ƙaura

Ana idar da sallar asuba na hau bayan ɗan acaba daga Ɗan Isa, wayata tana cikin aljihun gaba, na dafe ta da hannu. A cikinta akwai hoto ɗaya tak na Lawali, ɗan yayata Hajo, wanda ya rasu ya bar yara ƙanana. An taɓa wanke mata hoton, ta manna shi a bangon ɗakinta a Zurmi. Damina biyu ba ta cika ba fuskar ta koma kalar ruwan kanwa. Ta aiko min cewa idonta yana raguwa, yaran kuma sun fara tambayar wane ne a bango. Ta ce ni da na zaga duniya in samo mata wanda ba ya tashi, kuma kada a sa masa leda, don ƙyalli kawai take gani a ciki.

Na zauna a Kumasi, na zauna a Omdurman, na yi fatauci a Maraɗi, sai na ɗauka aikin rabin yini ne.

A Ƙaura na sha koko da ƙosai, na jira Sanusi mai wankin hoto ya buɗe shago. Firintarsa irin mai tanki ce: 'yan kwalabe ne jere a gefenta, idan tawada ta yi ƙasa sai ya ɗura. Ya fitar min da Lawali guda biyu, ja ja, shuɗi shuɗi, har hular tana sheƙi.

"Wanga ba ya tashi?" na tambaye shi.

Ya lashi babban yatsansa ya murza hoton, ya nuna min yatsan fes. "Baba Alhaji, haka ake gane tawada. Ka tafi Shinkafi wajen Banijaren nan ka gwada tawadarshi, da baƙin hannu za ka dawo."

Wani dattijo mai jiran hoton fasfo ya ce, "To amma hoton auren ɗiyata can aka wanke shi, har yau kamar jiya."

"Ɗakinta ba taga," in ji Sanusi.

"Taga biyu."

Na nemi ganin kwalbar tawadar. Ina jin Larabci, ina jin Faransanci da Turanci, ina taɓa Fillanci, amma rubutun da ke jikinta na Sin ne. Na juya ta, na mayar masa.

Hanyar Shinkafi

Motocin Shinkafi ba sa tashi ɗai-ɗai yanzu, sai an taru a bi juna. Na samu gaba, kusa da direba. A jikin gilashinsa ya maƙale hotuna biyu, inda rana ke dukansu kullum. Na maigidansa ya koɗe, rawani kaɗai ya rage. Na ɗan direban kuwa yana nan daram. Na ji daɗi, na ce ga shaida ta zo har gabana.

"Direba, na yaron nan ina aka wanke shi?"

"Shinkafi." Ya kauce wa rami. "Ko kau Gusau. Uwarsa ta ba ni."

"Na maigidan fa?"

"Shi ma ina ji Shinkafi."

"Wane ya riga wane hawa gilashin?"

"Alhaji, wanga gilashi ma ba shi ne na fari ba."

Wani Bafillace a baya ya ce da ni cikin harshensu wai in bar hoto, in yi wa mamaci addu'a. Na ce addu'a muna yi, amma yaya ce ta aike ni. Ya ce to wannan babu magani.

Shinkafi

Shagon Banijaren, Isufu, yana bakin kasuwa, tsakanin mai cajin waya da mai sayar da buhuna. Da na gaishe shi da Faransanci sai ya ba ni kujerarsa. Firinta biyu gare shi, duk masu tanki. Ya ce tawadar ta farko narkakkiya ce, tana shiga cikin takarda kamar yadda baba ke shiga zane a marina. Ta biyun gari ce mai laushi a cikin ruwa, zama take a kan takarda kamar fenti a jikin mota. Ta farko ta fi haske, amma rana tana cinye ta. Ta biyu ba ta jin rana.

Nan na gane, ko na zaci na gane. Na ce a yi min biyu da ta garin. Suna fitowa na lashi yatsa na murza gefen ɗaya, kamar yadda na koya da safe. Rigar Lawali ta biyo yatsana.

"Ka ga irinta," in ji Isufu. "Duk mutanen Ƙaura haka suke min. Mi ya haɗa hoto da miyau?"

"To ai ta tashi."

"Ta tashi a hannu, ba ta tashi a rana."

"Waccan fa?"

"Tana tashi a rana, ba ta tashi a hannu."

"Wadda ba ta tashi ko'ina fa?"

Ya ce akwai, amma sai da wata takarda mai kama garin, kuma rabonsa da ita tun kafin hanya ta lalace. Ya sake buga min wani a madadin wanda na ɓata, ya ce in bar su su sha iska, kada ruwa ya taɓa. Na haɗa su da na Ƙaura a ambulan ɗaya, na Shinkafi a sama, na Ƙaura a ƙasa. Na kwana gidan wani tsohon abokin fataucina, aka yi mana tuwon dawa da miyar kuka. Na ba shi labari, ya ce shi a ganinsa duka huɗun ɗaya ne.

Hanyar Zurmi

Da safe muka koma ta Ƙaura, na sayi firam mai gilashi, na canza mota. A wani shinge soja ya ce kowa ya sauko da kayansa. Ya buɗe ambulan, ya baje hotunan a kan bonet, ya dube su, ya dube ni.

"Baba, 'yan huɗu ne?"

Na ce mutum ɗaya ne, kuma ya rasu. Ya ce Allah ya jiƙansa, ya tattara su da ladabi, ya jera su yadda ya ga dama, ya miƙo min da hannu biyu.

Daga nan har Zurmi ina ɗaga su ɗaya bayan ɗaya a taga. Jiya a shago na rantse na Ƙaura sun fi sheƙi. Yau kowanne na ɗaga shi ya fi. Bayansu fari, girmansu ɗaya. Matar da ke gefena ta zaɓi biyu ta ce su ne masu haske, yaron mota ya zaɓi wasu biyun. In gwada da miyau, ina tsoron in sake ɓata wani. Na mayar da su, na riƙe firam a cinya, ban san wanda zan sa a ciki ba.

Zurmi

Na tarar da Yaya Hajo ta gama alwalar azahar, tana zaune a bakin ƙofa. Tun da suka taso daga Gurbin Bore a ɗakin nan take. Tsohon hoton yana bango, daidai inda hasken ƙofa ke sauka.

"Garba, ka samo?"

"Na samo, Yaya. Sai dai akwai bayani."

"Kai kullum da bayani. Miƙo."

Na fara ba ta labarin baba da fenti. Ba ta saurare ni ba. Ta ɗauki na sama ta kai shi dab da idonta, ta daɗe, sannan ta sa babban yatsa ta shafa goshinsa zuwa hula, hannunta da sauran danshi. Ashe haka take yi wa na bangon kowace safiya. Hular ta jirwaye.

"Na ɓata shi," ta ce a hankali.

"Ba ki ɓata ba. Wannan na Shinkafi ne. Taɓa min sauran, amma ta gefen riga."

Ta taɓa. Biyu ba su motsa ba, ɗaya ya ba da ɗan shuɗi. Na ware shi na sa a firam. Na ce mata wannan rana ba ta cinsa, amma ba ya son hannu, waɗannan biyun kuma suna son hannu, ba sa son rana.

Ta ɗaga firam ɗin, ta karkata shi. "Ni ƙofa kawai nake gani a ciki. Rataya wa yaran, su da ke da ido." Ta kira babbar jikarta, yarinyar ta duba ta ce, "Baba ne." Na Ƙaura biyun kuwa ta buɗe kwallar da take ajiye zannuwanta ta sa su a ƙasa, inda rana ba ta kaiwa. "Waɗanga nawa ne. In ɗaya ya ƙare ga wani."

Na ɗebo ruwa a buta na ce ta kawo yatsan in wanke mata. Ta dube shi, baƙi-baƙi da ɗan ja, ta naɗe hannun cikin zane.

"Bar shi. Hularsa ce."

Komawa

Na kwana, washegari na biyo ayarin safe zuwa Ƙaura, na iso Ɗan Isa kafin la'asar. Maƙwabta sun tambaye ni wace tawada ta fi, na ce su fara gaya min ko bango za a ba ko hannu. Mai jirwayen hular yana wurina. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na gode wa Sanusi da Isufu, da sojan da ya yi wa Lawali addu'a. Allah ya jiƙansa, ya raya abin da ya bari.