Wasan da ba za a nuna ba

Jiya da la'asar na tarar da maƙwabcina Malam Hadi tsaye gaban allon gidan kallon ƙwallo a Maje. Ɗansa gola ne a wata ƙungiya mai nisa, a talabijin kawai yake ganinsa.

"Baba, tashar ta daina nuna wasannin gida," in ji mai gidan kallon.

"Na sani. Da kuɗinta ake biyansu albashi, yanzu har ana maganar sallamar 'yan wasa. Kai dai rubuta wasan a allo, a san suna bugawa."

Mutumin ya ɗauki alli, ya rubuta shi a ƙarƙashin wasannin Ingila.

Ni kaina na manta rabona da kallon ƙungiyar gida. Ku fa?