Malama Ƙura da Tsiron da Ba Ya Fure

Kafin masu shara su buɗe ofisoshi, ita ta riga ta shiga rumfar inuwa da ke bayan sashenmu na nazarin tsirrai. Takan bi tukwane ɗaya bayan ɗaya, ta tsoma yatsa ta ji damshin ƙasa, ta juya ganye ta leƙa bayansa da ɗan gilashin da ke rataye a wuyanta. Sai ta gama da su take gaisawa da mutane. Haka na san ta tun da aka ba ni ofis a jikin nata, haka kuma take har wannan watan da za ta yi ritaya.

Tsiron da ta ba rayuwarta ba ya fure, ba ya 'ya'ya. Dangin agugu ne, wanda masu magani suka sani. Sabon ganyensa a nannaɗe yake fitowa kamar gammo, sannan ya warware ya yi kama da gashin tsuntsu. A bayan ganyen akwai ɗige-ɗige masu ruwan ƙasa, cikinsu wata ƙura ce da yake yaɗuwa da ita. Daga nan ɗalibai suka laƙaba mata Malama Ƙura. Waɗanda ta kayar a jarrabawa kuwa sukan sassauta harshe su ce Kura. Da labari ya kai mata, cewa ta yi, "Duk biyun na amsa."

A wani kwazazzabo bayan makaranta, inda ruwa ke tsattsafowa daga dutse, ta lura da wasu 'yan ƙananan irin wannan tsiro da littattafai suka cusa cikin wani babban dangi. Ita ta ce ba nan ne gidansu ba. Ɗige-ɗigensu a bakin ganye suke jere, na wancan dangin kuwa a tsakiya, ga wani jan gashi a gindin kara. Irinsu bai cika yatsun hannu ba, amma ta dage cewa gida ne mai zaman kansa, kuma ɗaya a cikinsu ba a taɓa raɗa masa suna ba. Ta rubuta wa masana, aka maido mata. Ta ƙara hujja ta sake aikawa. A taron sashe wani abokin aikinmu ya ce, "Haba Malama, ciyawar da ko akuya ba ta ci?" Ta ce, "Shi ya sa har yanzu take nan."

Sai hukumar makaranta ta yanke a cike kwazazzabon a yi wurin ajiye motoci. Babu ofishin da Malama ba ta shiga ba. Daga ƙarshe shugaban makaranta ya kira ta, kuma sakatariyarsa ce ta ba mu labarin yadda aka yi.

"Malama," in ji shi, "na ji akwai wanda ba shi da suna tukuna. In da sunan zai ɗan yi kama da nawa, ai ana iya sake duba maganar motocin."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, sunan tsiro a jikinsa ake samo shi. Na duba wannan ciki da waje, ban gan ka ba."

Ranar da katafila ta iso, mai gadi ya ce ya ga Malama ta sauka kwazazzabon da takalman roba ta tsaya gaban ƙarfen. Direban ya leƙo ya ce, "Mama, don Allah ki matsa. Ni aiko ni aka yi."

"Ɗana, ba da kai nake faɗa ba. Kashe injin ka ba ni yinin nan kawai."

Ya kashe. Ta kira mijinta, ya zo da mota da bokitai. Mu ma 'yan sashe muka sauka, muka yi ta tono tsirran da hannu, har direban ya naɗe wando ya shigo taɓo. Rumfa ta cika, sauran aka kai gidanta, aka jera su a baranda da banɗaki inda akwai sanyi. Mijin, mutum mai haƙuri da barkwanci, yakan ce mana, "Mace ɗaya na aura, yanzu sai na yi wa danginta sallama kafin in yi wanka."

Washegari aka cike kwazazzabon. An ba ta takardar gargaɗi, ƙarin girman da take jira kuma ya bi ruwa. Wannan bai dame ta ba. Abin da ya sa ta kuka, na gani da idona, shi ne wani iri guda da ya ƙi tukunya, ya yi ta bushewa har ya ƙare ƙaf. Amma marar sunan ya rayu. Daga jikinsa masana suka tabbatar da maganarta bayan shekaru, suka ware wa dangin gidansu. Sunan da ta raɗa masa ma'anarsa mai jan gashi.

Malama, ke ce kika koya mana cewa ƙanƙantar abu ba ta sa a yi masa ƙarya. Ke ce aka yi wa dariya a taro, washegari kika dawo da sabon ganye a hannu. An ba ki hanya mai sauƙi kika ƙi, kika biya, ba ki kuma taɓa zuwa ofishina neman in tausaya miki ba. Mun gode. Allah ya saka miki, ya ba ki lafiyar cin hutunki, in dai za ki yarda ki huta.

Ku kuma masu tasowa, duk wanda aka danƙa wa wani ƙaramin abu da duniya ta raina, ya riƙe shi kamar yadda ta riƙe nata. In an ce ba shi da amfani, ku tambayi mai maganar ko ya taɓa sunkuyawa ya duba.

Mun ji ana raɗe-raɗin cewa da zarar kin miƙa makulli za a mai da rumfar shagon buga takardu. Su zo. Za su tarar da mu a bakin ƙofa, kuma wannan karon ba mutum ɗaya ba ne.