Ranar da Aka Raba Delbert da Injinsa

Idan an gama girbin alkama, mutanen Orlik, wani ɗan ƙauye a jihar Nebraska, sukan taru a filin bayan coci su yi bikin tunawa da kakanninsu da suka sari garin. Maza su sa hulunan kaba, mata su zuba dogayen riguna har ƙasa, a fito da amalanke da dawakai, a wuni ana aiki irin na mutanen da. Rumfar Marlys Hruska tana bakin ƙofar filin. A nan take toya kolache, burodin nan mai zaƙi da ake zuba wa markaɗaɗɗen 'ya'yan itace a tsakiya, yadda kakarta ta koya mata.

Marlys 'yar manoma ce, kuma manomi ta aura. Ta yi aikin dafa abinci a makarantar garin har gwiwoyinta suka gaza. Mijinta Delbert shi ne mai kula da injin sussuka na bikin, wani ƙaton baƙin inji da ake hura wa wuta, tururi ya juya shi. A hannun ubansa ya gaji aikin. Shekara da shekaru, da zarar an ji kukan injin, kowa ya san Delbert na bisa, fuska duk baƙin gawayi, yana yi wa jama'a tsawa su ja da baya.

Sai gigin tsufa ya kama shi. Da fari makulli yake mantawa, daga baya hanyar gida. Wata safiya ya dubi Marlys ya kira ta da sunan yayarsa da ta daɗe da rasuwa.

Ana gab da bikin, Virgil Sedlacek, abokinsa tun na firamare kuma shugaban masu shirya taron, ya zo ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hularsa.

"Marlys, bana ba zai hau ba. Wuta ce da tururi, ga yara ko'ina."

"To shiga ka faɗa masa da bakinka."

"Haba, ke ma kin san ba zan iya ba."

Ita ma ba ta iya ba. Ranar bikin ta aske masa gemu, ta sa masa tufafinsa na aiki, ta ajiye masa kujera a inuwar rumfa, tana fatan ya manta da injin kamar yadda ya manta da sauran abubuwa.

'Yarsu Janelle ta zo daga birnin Omaha. Ta dubi uban, ta ja uwar gefe.

"Mama, me ya sa kika kawo shi cikin wannan zafi?"

"In bar shi da wa? Da kyanwa?"

"Na gaya miki akwai gidan da ake kula da irinsu."

"Irinsu? Ubanki ne fa. Ungo, kai wa mutanen can canjinsu."

Bernadine, maƙwabciyarta mai taya ta tuya, ta miƙa wa Delbert kolache guda. "Ango, ɗanɗana ka gaya min gaskiya, nawa ya fi ko na tsohuwar nan taka?"

Ya gutsura, ya yi murmushi. "Duk kun ƙona shi."

Aka yi dariya, har da Marlys.

Da rana ta take, layi ya yi tsawo a gaban rumfar. Janelle ta tafi sayo ƙanƙara. Marlys na durƙushe gaban murhu tana fito da faranti sai injin ya yi kuka daga can ƙarshen fili. Ta ajiye farantin, ta waiga. Kujerar ba kowa.

Ta tattare rigarta ta bi ta cikin jama'a, ta wuce masu kaɗa man shanu, ta wuce maƙeri, gwiwa na sukarta. Tun daga nesa ta hango shi. Ƙafarsa ɗaya na kan matakalar injin, ga dogon bel ɗin da injin ke juyawa yana gudu dab da kafaɗarsa, Virgil ya riƙe masa hannu.

"Del, sauko mana. Zo mu sha wani abu mai sanyi."

"Kai waye? Sake ni! Baba ya ce in kula da wutar."

"Ni ne Virgil, tsohon banza. Sauko."

Delbert ya fizge. Gwiwar hannunsa ta sami Virgil a hanci, jini ya ɓalle a kan farar rigarsa. Mutumin da aka ɗora a madadinsa bana ya yi maza ya tsayar da injin. Wurin ya yi tsit, sai hucin tururi. Marlys ta ga wasu baƙi sun ɗaga wayoyinsu, sun ɗauka ko wasan bikin ne.

Ta matsa ta dafa bayansa. Bai gane ta ba, ta gani a idonsa.

"Babanka ne ya aiko ni," in ji ta. "Ya ce ka zo ka ci abinci tukuna, shi zai riƙe wutar."

"Shi ya ce?"

"Shi ya ce."

Ya sauko a hankali. A lokacin ta lura wandonsa ya jiƙe har gwiwa. Ta kwance zanen tuyarta ta ɗaura masa a ƙugu, ta kama hannunsa. Mutanen da ya yi wa gyaran garma, da waɗanda suka ci abincinta tun suna 'yan makaranta, duk suka dare suka ba su hanya, kowa na kallon ƙasa. Wannan kawar da kai ya fi komai yi mata ciwo.

A mota ya yi barci. Janelle na tuƙi, hawaye na zuba.

"Da bel ɗin ya kama shi fa, Mama? Da yaro ne a wurin ba Virgil ba?"

Marlys ta juya fuskarta wajen taga. Tana kallon gonakin da aka girbe, tana jin ƙaurin hayaƙi a gashinta. Sai da suka kusa gida ta ce, "Ki kira mutanen gidan nan da kika faɗa. Amma ni zan kai shi, ba ke ba."

Kafin sanyi ya shigo aka ba shi ɗaki a gidan tsofaffi na babban garin da ke kusa. Ita ta jera masa kayansa, ta gaya wa ma'aikatan ba ya son madara a shayi, ta fito ta zauna a mota ta kasa tayar da ita.

Duk ranar da ƙanƙara ta rufe hanya, Virgil ke kai ta ganinsa. Da fari a waje yake jira, wai yana sauraron rediyo. Wata rana ta ce masa ya daina wannan ragwanci, ya biyo ta ciki. Delbert na zaune bakin taga. Ya daɗe yana kallon baƙon.

"Malam, wa ya karkata maka hanci haka?"

"Wani tsohon doki ne ya harbe ni," in ji Virgil.

Delbert ya tuntsire da dariya har da tari, Virgil ma ya taya shi. Marlys ba ta yi dariya ba. Ta lura rigar da ke jikinsa ba tasa ba ce, hannun rigar ma bai kai wuyan hannunsa ba. Ta tashi ta fita neman ma'aikaciya.