Ranar da Aka Zuƙe Min Ruwan Gwiwa

Abin da na fara lura da shi a ɗakin likitan shi ne fankar sama. Fiffikenta ɗaya ya lanƙwashe, duk zagayowa sai ta yi ƙas, kamar an buga cokali a kofi. Ita na kafa wa ido don kada in kalli farantin ƙarfen da nas ta ajiye kusa da gadon.

Lokacin ina aji biyu a sakandare, muna zaune a Obiagu, cikin Enugu. Na faɗi a filin makaranta, gwiwata ta hagu ta kumbura ta yi sumul kamar gwanda, ta ƙi lanƙwasuwa. Baba mahauci ne, ba ya iya barin kwata da safe, don haka Inna ce ta kawo ni a keke napep.

Ni ce 'yar farinta. Yadda aka rene ta a ƙauyensu, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta jansa a jiki a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. "Ke" take ce min. Wata maƙwabciyarmu 'yar Ibo ta taɓa tambayata ko riƙona Inna take yi. Ni ma, a raina, na sha yi wa kaina wannan tambayar.

Likitan ya ce ruwa ne ya taru, zai zuƙe shi da sirinji. Ya yi min allurar kashe zafi, ya ce ba abin da zan ji sai ɗan dannawa, in kuma na ji zafi in faɗa. Na gyaɗa kai, alhali na san ba zan faɗa ba. Ko a aji ba na ɗaga hannu ga amsar da na sani, balle in yi raki a gaban Inna.

Fatar ta mutu, ban ji shigar babbar allurar ba. Da ta nutsa ciki ne na ji kamar an zura min ƙusa mai zafi a ƙarƙashin ƙoƙon gwiwa. Na dantse haƙora. Wani ruwa rawaya, kamar man gyaɗa, ya fara hawa cikin sirinjin a hankali. Nas tana ta yabona, wai ba ta taɓa ganin yarinya mai dauriya irina ba.

Inna tana bakin ƙofa riƙe da takalmana, fuskarta a taga. Turancinta bai wuce na sayen tumatir a kasuwa ba, amma sai na ji ta ce, "Dokta, wet. I de pen am." Wato ya dakata, ina jin zafi.

Likitan ya duba fuskata bai ga hawaye ba. "Madam, ai ba ta ce komai ba."

Turancin Inna ya ƙare a nan. Ba wanda zai fassara mata sai ni. Ba tare da ta kalle ni ba ta ce, "Ke, gaya masa wannan ba ta faɗa ko za ta mutu. Ya dubi yatsun ƙafarta."

Na leƙa. Sun dunƙule kamar an ɗaure su. Ashe ba tagar take kallo ba.

Na ce wa likitan, murya can ƙasa, "Inna ta ce ina jin zafi."

Ya dakata. "Inna ta ce. Ke fa, mai gwiwar, me kika ce?"

"Ni ma haka na ce."

Nas ta yi dariya har da dafa gado. Shi kuwa bai yi ba. Ya ba ni haƙuri, ya ce wani lokaci in ciki ya kumbura sosai maganin ba ya kamawa yadda ya kamata. Ya ƙara min, ya jira, yana ɗan danna wurin yana tambayata. Har yau ina yi wa mutumin nan addu'a, don ya tsaya da jin maganar macen da ko yarenta bai sani ba.

Kafin ya ci gaba, nas ta je ta karɓe takalman daga hannun Inna, ta jawo ta. "Mama, zo ki riƙe 'yarki. Ni nawa suna gida."

Inna ta zo tana gyara mayafi, kamar wadda aka kama da laifi. Ta ɗora tafin hannunta a goshina, idonta a bango. Hannun da ɗumi, yana ƙanshin albasar da ta yanka da safe. Zafin bai tafi duka ba, amma ya zama wanda zan iya ɗauka.

Da aka zare allurar aka fara naɗa bandeji, na ji hannun yana shirin janyewa. Na kama gefen mayafinta.

Na ce, "Inna, bar shi a nan tukuna, har su gama."